Shekarar da Na Zama Ɗalibin Ƙanena

Da sunan Allah, wanda ya raba ilimi ya ba wasu, da anka zo kaina ya ba ni baki. Ni Nomau ubanku ne ke rubuta wannan da hannuna, don haka duk inda kunka ga baƙi ya kwanta kamar dangar da iska ta ture, kada ku zargi alƙalami. Na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ba su taɓa wuce Tasawa ba. An faɗa muku wai na tafi Barno neman ilimi, kaina ya ƙi ɗauka, har ƙanena Isufu ya riƙa dukana gaban jama'a kamar jaki, wai shi ya sa anka hana ni gandun ubana. Akwai gaskiya a ciki, amma ta ɓace cikin ƙaiƙayi. Ku zauna in sheƙe muku.

Lokacin da nake faɗi, Dakoro ba wani gari ba ne. Rijiya ce, da ƴan gidajenmu, da Buzaye da Fulanin da ke zuwa shayar da dabbobi su wuce. Malami babu. In an yi haihuwa ko rasuwa sai a aika Birnin Lalle, a jira. Ranar da Inna ta rasu, cikin tsananin bazara, tun hantsi munka gama wanka da sutura, munka zauna muna kallon hanya har la'asar. Da malamin ya iso bisa jakinsa, kafin ya tambayi inda gawa take, sai da ya tambaya ko akwai fura. A bakin kabarin Baba ya rantse ba zai mutu ba sai gidansa ya fitar da malami. Isufu, wanda na girma da shekara bakwai, ya riga ya sauke Alƙur'ani a Tasawa, ya ɗan taɓa littattafai. Baba kuwa ya ji a bakin fatake cewa can Kukawa akwai wani Goni, haka Barebari ke kiran gwanin karatu, wanda ba ya karɓar yara sam. Sai wanda ya riga ya sauke, shi kuma ya koya masa yadda ake karantar da wani, ya naɗa masa rawani, ya ba shi ijaza, wato takardar izinin buɗe makaranta. Da kaka ta yi, Baba ya kira ni.

"Nomau, kai za ka kai shi. Ba ka da kan karatu, amma kana da ƙafa, kana da raƙumi. Ka ci da shi, ka tsare shi. Damina biyu, ku dawo mini da rawani."

"Baba, rawani kam ko wurin Buzayen nan ana samu."

Takalminsa ya same ni a kunne. Uwarku Dije tana goye da kai Bawa a lokacin. Ta raka ni har bakin rijiya ba ta yi kuka ba.

"Damina biyu ka ce. In ta uku ta same ka can, ka zauna ka auri kifi."

Ba zan gajiyar da ku da hanya ba. Mun bi ayari ta Tasawa da Damagaram, mun isa Kukawa tun tana Kukawa, kafin yaƙi ya ci ta. Can sunanmu Afuno, mu duka masu jin Hausa, kuma kome sai an sa masa kifi, har na fara jin ƙarninsa a rigata. Ni aikina in yi dakon kanwa da itace da raƙumina, in kawo abin da za mu ci. Isufu kuwa tun asuba yana zauren Goni tare da ɗalibai daga Wadai, da Bagarmi, da Kano, manya masu gemu. Na ɗauka zan ji suna ta karatu da ƙarfi. Ina! Sai in leƙa in ga ƙatti zaune ana koya musu yadda ake feƙe alƙalami don ƙaramin hannu, da yadda ake dafa tawada, da inda ya kamata a zaunar da mai nauyin kai, kusa da gwiwar malam ba can baya ba. Wata rana yini guda sunka yi a kan yadda ake sanin yaro yana karantawa ne ko haddar kunne yake yi. Na ce wa Isufu, in don wannan munka ƙetare ƙasashe, da na zauna gida na yi noman gero.

Goni yana da wata al'ada da duk Kukawa ta sani. Ba ya naɗa wa kowa rawani don yawan abin da ya haddace. In ɗalibi ya kusa gamawa, sai a samo masa abin da suke kira ɗanyen kai: baligin da bai taɓa riƙe allo ba, ɗan dako, ko mai sayar da kifi, ko makiyayi. Wata shida za a ba shi. Ranar gwaji, ɗanyen kan ne zai karanta gaban jama'a, malaminsa na tsaye baki rufe. In ya karanta, rawani. In ya kasa, malamin ne ya kasa. Ni kuwa, ranar da ake raba ɗanyun kai, ina ƙofar zaure na sauke itace, ina ba masu dako dariya. Goni ɗan guntun tsoho ne, yana tafiya yana rangaji kamar agwagwa, ni kuma Allah ya hore mini kwaikwayo. Na tura ciki gaba, na riƙe sanda, ina rangaji ina gyaran murya, ina faɗin abin da na ga dama da Hausa tunda na ɗauka ba ya ji. Sai na ga dariya ta ɗauke. Na waiwaya, ga shi bayana.

"Wannan na wane ne?" Da Hausa ya tambaya, tsaf, irin ta Kano.

Isufu ya taso da sauri. "Yayana ne, Goni."

"Yayanka. Ya taɓa karatu?"

"A'a, Goni."

"Madalla. Ga ɗanyen kanka nan."

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne masu ba ku labari ke tsallakewa. Kun san Isufu. Tun da ya yi wayo bai taɓa faɗin sunana ba. Ba ya sa hannu a ƙwarya sai na sa. In zai yi mini magana sai ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Haka anka tashe mu, haka ake yi a gidan mutunci. To, wannan ne anka ce ya karantar da ni. Ranar farko ya shimfiɗa mini buzu, shi ya zauna a ƙasa, ya miƙo mini allo da hannu biyu kamar yana miƙa wa baƙo ruwa. Ya nuna baƙi, ya faɗi sunansa, na faɗi abin da kunnena ya ji.

"Haka ne, Yaya. Sai dai wasu malamai kan faɗe shi daban kaɗan."

"Ni ba na cikin waɗannan malaman."

"Haka ne, Yaya."

Wata shida muna wannan. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗinsa. In na gaji in ce a tashi, a tashi. In barci ya zo mini in jingina, ya zauna yana kore mini ƙuda. Abin da yake maimaitawa ya zauna mini a kunne, ina rerawa da murya mai daɗi, har na fara tunanin ashe Baba bai san ɗansa ba. Ranar gwaji na sa rigata mai kyau, na zauna tsakiyar zaure ina duban mutane. Goni ya ɗauki allo, ya rufe samansa da tafin hannu, ya ɗora tsinke a tsakiya ya ce in karanta daga nan. Na taso daga farko. Ya matsar da tsinke ƙasa, na sake tasowa daga farko, da ƙarin murya. Ya juya allon kai ƙasa ya miƙo mini, na karɓa na ci gaba ban san an juya ba. Dariyar da anka yi a zauren nan, ina jin har kasuwa an ji ta. Goni bai yi dariya ba, bai ma dube ni ba. Ya juya ya dubi Isufu.

"Wata shidan nan, sau nawa ka ce masa ba haka ba ne?"

Isufu ya sunkuyar da kai.

"Sau nawa?"

"Yayana ne, Goni."

"Na sani. Don haka na ba ka shi. Garin da za ka koma duk yayyenka ne da iyayenka. In tsoho ya karkata salla, ko ya danne gadon maraya, me za ka ce? Haka ne, Baba? Ka san littafi, amma garinku ba littafi ya aiko a kai masa ba. Na ƙara maka wata shida. Da shi ɗin nan, ba wani ba."

Ba a yi kwana goma ba ayari ya iso daga yamma. A cikinsa akwai wani falke ɗan Ajekoriya, ana ce masa Ɗan Tani, mutum mai dogon wuya da dogon harshe. Shi ya kawo mana rasuwar Baba. Ya kuma kawo saƙon Baba Jatau, ƙanen ubanmu: in biyo ayarin nan in dawo kafin ruwan shuka, in karɓi gandu tunda ni ne babba, da babbar gonar fadama da rumbuna da kome. In ban zo ba, shi zai riƙe. Duk wanda ya san Baba Jatau ya san abin da ya riƙe ba ya sakewa. Na tafi wurin Goni na durƙusa, karo na farko ba da wasa ba. Na roƙe shi ya ba Isufu wani ɗanyen kai, ga masu kifi nan cike da gari.

"Mai kifi ba yayansa ba ne," in ji shi. "Zai iya da mai kifi tun bara. Kana iya tafiya, ban ɗaure ka ba. Amma in ka tafi, ku tafi tare, ba abin da zai jira."

Isufu ya ce mu tafi. Ya ce laifinsa ne, kada in rasa gadona saboda shi. Ya fara ɗaure littattafansa a gafaka yana share ido da hannun riga. Ni kuma na fita bayan gari wurin raƙumina na zauna. Na yi tunanin fadama, yadda dawa ke tsayi a cikinta har ta ɓoye mai doki. Na yi tunanin Dije da abin da ta faɗa. Sannan na tuna yinin nan na bazara, mu zaune gefen Inna muna kallon hanya, Baba yana ta gyara mata zane don kada rana ta taɓa ta. Mutumin ya mutu bai ga rawanin ba, kuma wa ya sani ko shi ma sai da anka jira masa mai jaki. Na ce wa raƙumi, to, ka ji, mun zauna. Shi dai bai musa ba.

Zama kaɗai ba zai yi magani ba, na sani. Washegari da hantsi na ja Isufu har tsakiyar filin makaranta inda kowa ke gani. Na cire hulata na ajiye. Na shimfiɗa buzu na danna shi a kai, ni na zauna a turɓaya. Na yanko tsumagiya na sa masa a hannu.

"Daga yau, in muna gaban allon nan, kai ne babba. Ka ji?"

"Haka ne, Yaya."

"Kada ka sake ce mini haka ne!"

"To, Yaya."

Na karanta, na ɓata, ya buɗe baki ya rufe. Na sake ɓatawa, ya fara, "Wasu malamai kan..." Na ga in ba a yi wani abu ba haka za mu tsufa a Barno. Abin da na yi, Allah ya yafe mini, na tuba tun ranar kuma ina kan tuba. Na kifa allon bisa gwiwata, na fara kaɗa shi kamar ganga, na ɗaga murya da waƙar da makaɗa ke yi wa manoma ranar gayya. Allo mai ɗauke da ayoyin Allah. Ɗalibai sunka miƙe tsaye. Ban kai ƙarshen baiti ba na ji wuta a bayana, tun daga kafaɗa har ƙugu.

"Nomau! Ajiye allon nan! Ba ka da kunya? Juya shi! Sa yatsanka nan! Ba haka ba ne, sake!"

Sunana ya faɗa. Shekara ashirin da wani abu, ranar na fara jin sunana a bakinsa. Bayana na zafi, hawaye na zuba, ni kuwa dariya ke cina. Da na ɗaga kai, wa zan gani a bakin danga? Ɗan Tani, ya zo sallama don ayari zai tashi gobe. Ya tsaya wuyan nan a miƙe, ya ga babban wa ba hula a turɓaya, ƙane bisa buzu da tsumagiya. Bai tambayi kome ba. Ya juya ya kai wannan kaya har gida, kuma ku sani kayan falke ba ya raguwa a hanya.

Wata shidan da sunka biyo, ban taɓa shan wuya irinta ba. Bakin Isufu da ya buɗe bai sake rufuwa ba. Babbaƙu sai da munka koma farkonsu, sannan farfaru, baƙi ɗaya sai in maimaita shi har harshena ya yi nauyi. Ya gano idona ba ya rabe masu kama da juna a allo, sai ya riƙa zana mini su manya a ƙasa yana kwatanta su da shaidar da Buzaye ke yi wa raƙuma, don ya san wannan kam ko daga nesa ina ganewa. Da Goni ya ga haka ya tara sauran ɗalibai su kalla. Bai sake dukana ba, sau ɗayan nan ne, ku rubuta ku ajiye. Ranar gwaji na biyu Goni ya ɗora tsinke inda ya ga dama, na karanta ina tuntuɓe kamar makaho a sabuwar hanya, amma na kai. Ya sa na rubuta sunana da sunan garinmu. Ya duba ya ce rubutun ya yi kama da tafiyarsa, amma yana karantuwa. Sannan ya naɗa wa Isufu rawani da hannunsa.

Mun iso gida bayan damina ta uku. Dije na nan, Allah ya saka mata. Ta ba ni ruwa, ta tsaya tana kallona.

"An ce an buge ka."

"Sau ɗaya."

"Ya yi kaɗan."

Ita da wasa ta faɗa. Sauran gari ba da wasa ba. Kafin mu zo an riga an raɗa mini suna, Ƙanen Ƙanensa, har mata na faɗinsa wurin daka. Bayan kwana uku Baba Jatau ya tara dattawa gindin gawon ƙofar gida. Mutanen nan fa su ne sunka raka mu da addu'a, su ne sunka yi ta kukan babu malami, kuma tun ranar da munka iso suke layi Isufu ya tofa musu a ruwa. Na ce na zo karɓar gandun ubana. Baba Jatau ya gyara zama.

"Gandu ba gona ba ce kawai, ɗana. Mutane ne. Wanda ya cire hularsa da hannunsa ya zauna ƙasa, ƙanensa a sama yana zabga masa tsumagiya gaban Barebari, wa zai aika gona ya tafi? Ka zubar da girmanka can, ba ni na zubar maka ba."

Na fara bayani, na ce ai don rawanin nan ne. Wani ya ce, "A'a, bari malaminka ya ba ka izini tukuna," anka fashe da dariya. Ni mai baki, ranar bakina ya mutu. Sai na ji murya daga bayana, ba da ƙarfi ba.

"Baba, ba haka ba ne."

Na waiwaya. Isufu bai durƙusa ba, bai sunkuyar da kai ba. Ya ce gonar da uba ya bari ta ɗiyansa ce, haka Littafi ya ce, ƙanen uba ba shi da rabo muddin akwai ɗa namiji. Ya ce yayansa ya zauna ƙasa ne don kada a sake ajiye gawar wani daga hantsi zuwa la'asar. Ya ce duk wanda ya yi dariya ya tuna shi ma gawa ne gobe. Baba Jatau ya dubi dattawa ya buɗe hannuwa.

"Kun ji abin da anka koyo a Barno. Ɗaya ya manta shi babba ne, ɗaya ya manta shi yaro ne."

Kuma sunka bi shi. Wallahi sunka bi shi. Maganar Littafi ba ta dame su ba, abin da ya tsaya musu a wuya shi ne yaro ya ce wa tsoho ba haka ba ne. Sunka yanke Baba Jatau ya ci gaba da riƙo har mu koyi ladabi. Ni anka yanka mini jigawar nan ta hanyar Ajekoriya, inda ƙarangiya kaɗai ke yin kyau, wadda kunka girma kuna tsinewa. Riƙon nan shi ne har ya mutu, ya bar wa ɗiyansa. Shekara biyu ba wanda ya kai wa Isufu yaro. Ni na fara kai ku, ke Hajo kina kuka, kai Bawa kana cizon mutane. Daga baya sunka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya kamar ba su ba, kowa da ɗansa a hannu yana cewa, "Malam, in ya ɓata ka gyara masa, kada ka ji kunyar kowa." Har da jikokin Baba Jatau. Ba wanda ya taɓa zuwa ƙofata ya ce Nomau, mun yi kuskure.

Ban yafe ba tukuna, ina dai ƙoƙari, Isufu na ta yi mini wa'azi a kai. Ku kuma ban ce ku yi faɗa da kowa ba. Amma duk ranar da wani ɗan gidan can ya sake tare ku da labarin nan yana dariya, ku bar shi ya gama. Sannan ku tambaye shi wa ya yi wa ubansa salla tun rana ba ta yi zafi ba, kuma gonar wa yake nomawa.